Yadda Rundawa Suka Duba Cinyar Mode

Duk wanda ya zauna Sakkwato a shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwararowa, da wuya a ce bai tauna kilishin Mode ba. Rumfarsa tana Gawon Nama, a bakin hanya, inda ya jera gadajen kara huɗu yana shanya nama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga surutu, in ya fara ba ka labari sai ka manta sauri kake yi. Barunde ne gaba da baya, wato mahauci ɗan mahauta, kamar yadda Sakkwatawa ke kiransu. Tun yana ɗan shekara goma ubansa ya damƙa masa wuƙa, kafin ya yi gemu kuwa ya iya warware tsokar cinya ta zama shimfiɗa guda fale-fale, ba huda ko ɗaya.

Sau ɗaya tak ya taɓa barin gari. Da yaƙin basasa ya ɓarke, wani ɗan kwangila mai kai wa soja shanu ya nemi Musulmin da zai riƙa yanka, don sojojin Arewa ba sa cin naman da ba su san wanda ya yanka ba. Mode ya bi shi. Ya yi kusan shekara uku a kudu, daga wannan sansani zuwa wancan, yana kwana a makarantun da aka watse, yana shan ruwan rafi. Ya dawo da rediyo, da ɗan Turancin bariki, da wani abin alfahari da ba ya gajiya da faɗa: duk tsawon zaman nan, nama bai shiga bakinsa ba sai wanda hannunsa ya yanka.

Ya dawo a kan gaɓa. Gari ya zama hedikwatar jiha, ma'aikata sun cika shi, ana ta gine-gine. Da aka yi ƙarin albashin Udoji kuwa, sai ka ce kowane akawu ya wayi gari da sabon babur da marmarin nama. Mai tafiya Ikko taro ba ya hawa jirgi sai da ƙunshin kilishi na kai wa manya tsaraba. Takardar buhun siminti ma da ake naɗe shi a ciki ta yi yawa har ba a rasa ta. Mode ya jawo ƙanensa Siddiƙu suka haɗa hannu, shi yana yanka da haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yajin da ake tsoma naman a ciki, su biyun kuma suna karɓa-karɓa a bakin wuta.

Mutum ɗaya ne ke rage wa Rundawa, wato mahautan garin, jin daɗin safiya, shi ne Malam Tukur, malamin dabbobi mai duba nama a kwata. Kullum yana zuwa da farar riga, da wuƙarsa, da hatimi mai shuɗiyar tawada. Wuri uku yake tsagawa a jikin sa: kumatu, harshe da zuciya. Abin da yake nema wasu fararen ƙwayoyi ne kamar shinkafa da ke maƙalewa cikin tsoka, 'ya'yan tsila, tsutsar nan mai tsawo da ke zama a hanjin mutum. In ya ga ɗaya ko biyu, sai ya ce a dafa naman kafin a sayar. In ya ga sun yi yawa, sai ya aika a kawo kananzir da ashana.

Su kuma mahauta suna da tasu dabara. Kafin a ji ƙarar babur ɗin Malam, sun bi wuraren nan uku da tsinin wuƙa sun tsince abin da ido ke gani. Ba su ɗauke shi ha'inci ba. A wurinsu kamar mace ce ke tsince tsakuwa a shinkafa. A wannan aiki na tsinta kuwa ba wanda ya kama ƙafar Mode.

Cikin bazarar shekarar da aka yi Udoji ne matarsa Bara'atu ta fara lura. Tana shafa masa man zafi a kafaɗa, sai ta ji wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin fata, yana gudu in an danna shi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Bayan sati biyu ta sami wani a haƙarƙari, sai a damtse, sai a cinya. Da ta ƙirga ta wuce talatin, sai ta daina.

Ran Juma'a da safe Dodo wanzami ya zo aski kamar kullum. Tare suka tashi da Mode, ba sa iya gaisawa ba tare da sun tsokani juna ba. Yana cikin jiƙa masa ƙeya sai yatsansa ya faɗa kan ɗaya.

"Kai ɗan Rundawa, mi kaka ɓoyo ƙarƙashin hwata? Gujjiya?"

"Aski ya kawo ka ko bincike?"

"Bari in tsaga mu gani. In ta nuna mu raba."

Mode ya ce ya tsaga. Dodo ya ja aska a hankali, ya matsa da yatsa biyu, sai ga wata farar ƙwaya ta fito sulluɓ, mai ruwa-ruwa, da ɗan ɗigo a tsakiyarta. Ya ɗora ta a bakin aska yana jujjuyawa.

"Shekara ashirin ina tsaga mutane, ban taɓa ganin irin wagga ba."

Mode ya zuba wa ƙwayar ido. Shi ya san ta. Ya fi sanin ta da fuskar wasu 'yan uwansa. Dubunta nawa ya ɗauke da tsinin wuƙa daga kumatun shanu?

Nan take ya yanke wa kansa hukunci. Na farko, shanun da ya ɓoye wa Malam Tukur ne suka rama. Na biyu, duk abin da mai farar riga ya samu da irin ƙwayoyin nan da yawa haka, to kasuwarsa ta ƙare. Ba wai yana zaton za a zuba masa kananzir ba ne, ba wawa ba ne. Amma ya san hukuma, kuma ya san mutane: ranar da aka ce mai kilishi yana da tsutsa a jiki, daga ranar ba mai sake cin abin hannunsa. Shi kuwa ban da wuƙa da labu bai iya komai ba a duniya. Saboda haka ya yi abin da ya iya. Ya sa Dodo ya rantse, suka shirya duk Juma'a a tsince uku ko huɗu kafin mai dubawa ya gani.

Haka suka yi wata huɗu. Mode ya koma sa kaftani mai dogon hannu a zafin Sakkwato, yana tsaye bakin garwashi gumi na tsiyaya. Abokan ciniki suka ɗauka arziki ne ya zauna, wasu har sun fara ce masa Alhaji tun bai biya kujera ba. Dodo yana cirewa, wasu na fitowa. Ciwon kai kuma ya sa shi gaba, ya ce rana ce.

Wata Alhamis da hantsi, ma'aikata uku na tsaye suna jira, Mode yana juya kilishi a kan wuta, sai ya ga wata walƙiya-walƙiya a gefen idonsa. Bai san abin da ya biyo baya ba. Siddiƙu ne ya ba shi labari daga baya: ya sandare, ya faɗi, jikinsa na karkarwa, kumfa na fita a baki, ƙafarsa ɗaya saura kaɗan ta shiga garwashi. Siddiƙu ya janye shi ya tallafe kansa. Sauran jama'a kuwa suka ja da baya, don kowa ya tashi da jin cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa ka ka ɗauka. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, wanda aka riga aka naɗe wa nasa, ya ajiye ƙunshin a hankali kan benci, ya hau babur kamar wanda ya tuna ana jiransa a ofis.

Malam Tukur ya taso daga kwata ke nan ya ga taro ya tsaya. Kaftanin Mode ya yaye wurin ja, ga ƙulluttai a fili, ga kuma sawun askar Dodo jere a haƙarƙari. Malam ya durƙusa ya danna ɗaya da babban yatsa, ya dubi tabban, ya girgiza kai.

"Wannan aiki na san shi," in ji shi. "Tsinta ce. Mode, har kanka?"

Kwana uku ba wanda ya tsaya a rumfar ko da tambayar hanya. A na huɗu Sarkin Fawa, shugaban mahautan kwata, ya aiko: Mode ya dakata da zuwa ɗaukar nama, ranar Asabar ta sama za a zauna a ji maganarsa, don gari ya fara cewa naman Rundawa na ka da mutane.

Kafin nan Malam Tukur ya riga ya goya shi a babur zuwa babban asibiti. Likitan Ba'indiye ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kwanta" ba, saboda haka Malam ya zama tafinta. Aka cire ƙullutu ɗaya aka kai ɗakin gwaji, aka ɗauki hoton cinyoyinsa, aka karɓi bayan gidansa a 'yar kwalba, abin da Mode ya ce ko a yaƙi ba a yi masa ba. Ranar da suka koma, likita ya ɗaga baƙin hoton ya nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo warwatse cikin tsoka, ya yi dogon bayani. Malam Tukur yana saurare, can sai ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, mi yac ce?"

"Ya ce 'ya'yan tsila ne."

"Wanga na san shi tun ba a haife shi ba. Ta shanu ta."

"To, nan ne maganar ta karkace. Ya ce ta shanu ba ta zama a tsokar mutum. In ka ci naman sa mai ƙwaya bai dahu ba, tsila za ka yi a ciki, a ba ka magani ta fita, shi ke nan. Wadda ke shiga tsoka har ta hau ƙwaƙwalwa 'yar uwarta ce." Malam ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ta alade."

Mode ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"A'uzu billahi! Hwaɗa mai ni Barunde na, ubana Barunde, kakana Barunde! Hwaɗa mai ko igiyar alade ban taɓa riƙewa ba!"

Likita bai ko motsa ba, da alama ba yau ya fara ganin haka ba. Ya tambaya ko mara lafiya ya taɓa zama inda ake kiwon aladu. Da aka ce masa shekara uku, sai ya gyaɗa kai. Ya ce ba ta cin naman ake samun wannan ba. Wanda ya ci naman shi ke yin tsilar a hanji, ƙwanta kuma na fita a bayan gidansa. In ƙwan ya shiga ruwa, ko ganye, ko ya maƙale a hannun mai dafa abinci, duk wanda ya haɗiye shi, ko da limami ne, sai ya ƙyanƙyashe ya bi jini ya zauna a tsoka. Yana iya yin shekaru shiru. Wasu sun zauna a ƙwaƙwalwar Mode, su ke ka da shi. Ya ce a lokacin ba su da maganin da ke kashe su, amma ga wasu 'yan fararen ƙwayoyi, in yana sha kullum faɗuwar za ta yi sauƙi ƙwarai. Ya nisanci wuta, da hawa sama, da shiga gulbi. Sa'an nan ya ce hanjinsa fes yake, don haka ba abin da zai fita daga jikinsa ya kama wani, ba ta yawu ba, ba ta gumi ba, ba ta hannu ba.

Malam Tukur ya fassara duka tsaf. Mode ya ji duka, amma kalma ɗaya ce ta bi shi gida.

Bayan la'asar ya zauna a tsakar gida ya zayyana wa Bara'atu, tana tankaɗe. In ya ce farfaɗiya ce kawai, ba mai ci. In ya ce tsutsar shanu ce, ya kashe kasuwar Rundawa duka, tasa a gaba. In ya faɗi gaskiya kuwa, ko gaisuwarsa sai an yi shawara kafin a amsa.

Ta ajiye rariya. "Maigida, ka ce iska na."

"Iska?"

"Iska ba ta hana ciniki. Mai goron bakin masallaci ba ta taɓa shi ba? Har yau layi aka yi mai. Wa ka ƙyamar mai iska? Tausai aka ji."

"Iskan da anka ɗauka hoto?"

"Wa ya ga hoton? Kawo shi in sa ƙarƙashin katihwa."

Maganar ta shige shi, don ya san gaskiyarta: a kasuwa, aljani ya fi tsutsa daraja. Amma ba mutane kaɗai ke damunsa ba. Shi kansa ya fara zargin kansa. Ya riƙa bin shekarun nan uku tukunya-tukunya. Ko wani kuku ya taɓa yi masa wayo? Ko ya taɓa cin miya bai tambaya ba? Bai samo komai ba, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, don a iya saninsa cutar nama daga nama take zuwa.

Ana jibi zama, da ya rasa abin yi, ƙafarsa ta kai shi Kara, kasuwar shanu, ya yi ta kallon dabbobin da ba zai saya ba. Da zai dawo ya biyo ta bayan gari, ta wani fili da mutane ke kewayawa su tsuguna. Wani Bafillace ya saki garkensa a wurin. Ga wani farin bajimi, ƙato, ya sa baki yana tsinkar ciyawa daf da ƙazanta, hankalinsa kwance. Mode ya tsaya yana kallonsa. Sai ya tuna wa'azin da Malam Tukur ke yi musu a kwata shekara da shekaru, wanda ba mahaucin da ya taɓa saurara har ƙarshe: ku hana mutane tsuguno inda shanu ke kiwo, daga nan suke ɗaukowa.

Ya dubi bajimin, ya dubi damtsensa. Sai ya fashe da dariya, har Bafillacen ya kaɗa shanunsa ya matsa gaba.

Ranar Asabar, bayan an gama yanka an wanke daɓe, Rundawa kusan talatin suka taru a rumfar kwata. Sarkin Fawa tsoho ne mai guntun yatsa ɗaya, haƙoransa huɗu suka rage. Malam Tukur na gefe da farar rigarsa. Dodo ma ya zo, ko da yake ba a kira shi ba, ya ce shi ma yana da hannu a aikin.

Mode ya gaida Sarki, sa'an nan ya tuɓe kaftani ya ajiye. Da farko aka ja baya. Amma mahauci mahauci ne. Ba a jima ba wani ya matso ya danna, wani ya kama damtsen ya murza, wani ya ce a juya shi a ga baya.

"Wanga ai na kananzir na," in ji wani daga baya.

Mode ya zaro baƙin hoton daga ambulan ya miƙa. Ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, kowa ya ɗaga shi sama ya saita da rana yadda ake duba kaurin kilishi, ya bar masa sawun maiƙo. Ba wanda ya nemi a yi masa bayani. Sun san ƙashin cinya, sun san abin da ke warwatse kewaye da shi.

"Cinya mai kyau," in ji wani dattijo cikin jimami. "An yi hasara."

Sarkin Fawa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Mode, abu guda nika son ji. Ga shanunmu ta hito?"

"A'a, ranka shi daɗe."

Aka ji ajiyar zuciya ta zaga rumfar.

"To ta ina?"

Mode ya dubi taron. Har a wannan lokacin iskar Bara'atu na nan a kan harshensa, da ya so.

"Likita ya ce ta alade ta."

Wanda ke riƙe da hoton ya sake shi ƙasa. Wani ya tofar da yawu. Wani mai suna Sule, wanda dama kilishinsa bai taɓa kamo na Mode ba, ya ce, "Ashe abin da anka ci barikin soja ke nan. Mu ana ta cika mu da hannuna ya yanka, hannuna ya yanka."

Mode bai kula shi ba. Ya fuskanci tsohon.

"Sarki, shekara nawa kana yanka?"

"Hamsin da 'yan kai."

"Ka taɓa buɗe tumbin sa ka iske nama ciki?"

"Mi za ya kai nama tumbin sa? Haki na, sai ko tsumma in ya haɗiya."

"Sa bai cin nama ke nan."

"Kai, wasa munka zo?"

"To ƙwayar da muka tsinta ga kumatunai kullum sahe, ina yas samo ta?"

Mutane talatin da suka ƙare rayuwarsu suna tsince abin nan, ba wanda ya taɓa tambayar kansa. Duk suka juya wajen Malam Tukur, shi kuwa ya gyara tsayuwa kamar wanda aka biya wa Makka. Shekara tara yana jiran ranar nan.

"Daga ciyawa," in ji shi. "Mai tsila ya tsuguna, sa ya zo ya yi kiwo a wurin. Na faɗa muku ya fi sau ɗari."

"To ni ma hakanan," in ji Mode. "Sa bai ci sa ba, ni ban ci alade ba. Wani can yac ci abinai, yat tsuguna bakin rahi, ni kau nis sha ruwa. Yadda sa ka ɗauka, haka niɗ ɗauka. Kiwo ɗai na yi inda bai kamata ba."

Dodo ne ya fara. "La ilaha! Ashe wata huɗu bajimi nika yi ma aski, ban karɓi ko ƙahon ba!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Dattijon nan ya sunkuya ya ɗauki hoton, ya goge shi da hannun riga, ya sake ɗagawa yana kallo, wannan karon da tausayi irin wanda ake yi wa dabba mai kyau da makiyayi ya yi wa sakaci. Abin da bayanin likita bai iya shigar wa Mode ba a rana guda, su ya shige su nan take, don hujja ce ta cikin tumbi, sun kuwa san tumbi.

Sule bai saki ba. "To yawun fa? Kowa ya san ana ɗauka."

Siddiƙu, wanda ba ya magana sai dole, ya miƙa hannayensa. "Har guiwar hannu yaɓ ɓata ni rannan. Akushi guda muka ci da shi, jiya ma mun ci. Ga ni."

Malam Tukur ya ce shi ma a bakin aikinsa, ba a ɗauka.

Sarkin Fawa ya murza guntun yatsansa, sa'an nan ya yanke hukunci. Wuƙa ta Mode ce, labu nasa ne, wuta kuwa ta koma hannun Siddiƙu, ko kusa kada ya je. Wanzami ya bar masa fata ta huta. Gobe ya dawo ɗaukar nama.

Sai dai hukuncin kwata bai kai kunnen masu saye ba, tsohon kuma ya san haka. Ran Litinin da hantsi, lokacin da hanya ta fi cika, sai ga shi a Gawon Nama da sandarsa. Ya zauna kan bencin Mode, ya ce a ba shi daga hannun mai rumfa. Da haƙora huɗu ba a cin kilishi, tsotsa ake yi. Ya fi awa guda yana fama da yanki ɗaya, duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi, shi kuma sai ya ɗaga yankin ya amsa.

Ciniki bai dawo rana ɗaya ba. Direbobin tasha ne suka fara, don su ba abin da ke hana su ci. Sai 'yan kasuwa. Ma'aikata su ne na ƙarshe, suka riƙa aiko masinja tukuna, kafin su fara zuwa da kansu. Wasu ba su dawo ba har abada. Akwai wani mutumin unguwar Mabera da ya riƙa tsallake titi in ya zo daidai rumfar, har tsufansa. Sunan Bajimi kuwa ya bi Mode, har ya zama in ka ce Mode sai a tambaye ka wanne.

Ya sake hali ta wata fuska. Ya daina tsinta, in ma ya ga ƙwaya a naman wani sai ya ƙwala wa Malam Tukur kira, abin da ya jawo masa gaba da mutum biyu ko uku. Ya ajiye buta da sabulu a bakin rumfa, ba mai taɓa nama sai ya wanke hannu, har shi. Ƙulluttan wasu suka motse, wasu suka taurare suka zauna, ya koma sa 'yar shararsa kowa na gani. Maganin yana cikin wata batta a aljihunsa, in ya sha lafiya lau, in ya yi sakaci jikinsa ya tuna masa.

Hidimar sunan 'yarsa Mairo ce ta sa ya yi kwana biyu bai sha ba. Washegarin suna, yana tsoma nama a labu, walƙiyar nan ta gifta masa. Da ya farfaɗo sai ya ji kansa a kan wani abu mai laushi, ashe wani direba ne ya naɗe rigarsa ya tura masa. Siddiƙu na yi masa fifita da murfin kwali. Ya juya ido a hankali wajen benci.

Mutum huɗu ne a wurin kafin ya faɗi. Huɗun suna nan. Ta gaba wata dattijuwa ce, Hajiya Jummai, mai fataucin atamfa, wadda ke saye da yawa in za ta Ikko. Ta leƙo shi daga inda take zaune.

"Sannu, Bajimi. Allah shi sawwaƙe. Huta abinka, ba mu sauri." Ta gyara lulluɓi. "Amma in ka tashi ina da magana. Na wancan sati yaji bai ji ba, sai da anka yi man gori can."

Mode ya lumshe ido yana jiran ƙasa ta daina juyawa.

"Siddiƙu," in ji shi da ƙyar, "miƙo man buta. Hajiya, yau sai kin yi hawaye."